Tuwon Dawa a Jirgin da Ke Ɗaure

Ni mutumin Kusada ne, a can aka yanke mani cibiya, amma aikin koyarwa ya zaunar da ni Kankiya har na yi ritaya. Ruwan da na sani a rayuwata shi ne na rijiya da na randa, sai rafin da ke kawowa da damina a hanyar gonarmu, wanda in ya cika sai mu naɗe wando mu ɗora keke a ka mu ratsa. Duk da haka na yi shekaru ina koya wa yara labarin teku. In zana jirgi a allo, in yi mashi igiyar ruwa a ƙasa kamar haƙoran zarto, in bayyana yadda iska ke tura shi da muryar wanda ya je ya gani. Ba yaron da ya taɓa tambayata ko na je.

A layinmu akwai wani mai kemis, mutumin kudu, Kirista, da ya zo Kankiya tun yana saurayi. Ba likita ba ne, amma kowa Dakta yake ce mashi, ya yi ta gyara wa mutane har ya gaji ya bari. Shagonshi na kallon titin Kano zuwa Katsina, kuma a bencin ƙofar shagon na yi mafi yawan la'asar ɗin rayuwata, muna kallon motoci muna gardama a kan abin da bai shafe mu ba. Hausarshi ta Katsina ce tsantsa, in yana magana a bayan labule ba ka ce baƙo ba ne. 'Ya'yanshi duk sun bi ta ajina. Da matarshi ta rasu, babban ɗan, wanda ya zama injiniya a Legas, ya zo ya rufe shagon ya tafi da uban. Daga nan sai gaisuwa ta waya, ita ma tana raguwa.

Wata damina, bayan an gama noman farko, Injiniya ya kira ni. Ya ce shi da abokanshi sun haɗu sun sayi wani tsohon jirgin ruwa irin mai tafiya da iska, sun gyara shi, kuma ya samu hutu. Yana son ya ɗauki babanshi su bi bakin teku su yi yamma su kwana biyu, amma tsohon ya ce ba ya shiga sai da ni. Injiniya ya ƙara da cewa ai ni na fara nuna mashi jirgi, a allo, don haka ya kamata in zo in ga na gaske.

Da na yi shiru da bakina na tafi, da ba wanda zai san yadda ta kaya. Amma kafin magariba ta ranar na faɗa wa majalisarmu ta wajen mai shayi, washegari na hau ɗan acaɓa na tafi Kusada na faɗa wa ƙanena da duk wanda ya zo gaishe ni. Ina faɗa ina ƙara gishiri. A Kankiya jirgin zai bi bakin teku ne, amma kafin in baro Kusada ya kusa tsallaka ƙasashe. Wata gwaggona da ta tsufa ƙwarai ta riƙe hannuna ta ce mu yafi juna, ni kuma maimakon in kwantar mata da hankali sai na yafe mata da murya mai nauyi, irin ta masu tafiya yaƙi.

Maiɗakina ba ta ce komai ba a kan teku. Ita damuwarta Dakta. Ta ce mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cin tuwon gidanmu, wa ya san abin da yake ci yanzu. Ta haɗa mashi garin dawa, da kuka, da daddawa, da kanwa, da man shanu a kwalba, ta ɗaure a buhu ta ce in kai wa matar Injiniya. Na ɗauka ina ƙunƙuni, don a ganina mai zuwa teku bai dace da buhun kuka ba.

Dakta ya rame, ya yi furfura fat, amma da ya gan ni a tashar Legas sai ya fara da tambayar ko har yanzu ina bin mutane da gyaran Hausa. Na ji daɗi, na san yana nan yadda na san shi. Ba mu je gida ba, don Injiniya ya ce gidan da nisa kuma yana son mu tashi da sassafe, saboda haka daga tasha muka wuce inda ake ajiye jiragen, da jakata da buhun da komai.

Wurin wani lungun ruwa ne da aka kare daga teku, an yi gadojin katako a kan ruwan, jirage na ɗaure a jikinsu a jere kamar shanu a turke. Namu fari ne, tsawonshi bai fi bas ba. A tsakiyarshi akwai dogon bututun ƙarfe a tsaye, wanda ake ɗaga babban ƙyalle a jikinshi don iska ta tura jirgin. Ƙyallen na naɗe a lokacin. Ni kuwa na sha babbar riga mai aiki da hula, don na san za a ɗauki hoto. Ina ɗora ƙafa ɗaya a jirgin, ɗaya tana kan gada, sai iska ta shiga rigar ta cika ta, jirgin kuma ya ɗan ja baya. Na tsaya a tsakani, ƙafafuna na rabuwa a hankali, har Injiniya ya cafko ni ta ƙugu ya jawo ni ciki. Ya ce, cikin ladabi, in Malam zai tsaya a gaba da wannan rigar ba sai an ɗaga ƙyalle ba. Dakta ya yi dariya har ya zauna.

Da la'asar sama ta fara haɗewa ta ɓangaren teku. Injiniya yana ta duba waya yana kallon sama, ya ce masu hasashen yanayi sun ce akwai iska mai ƙarfi da ruwa a tafe, da wuya mu tashi gobe. Na fito na tsaya na riƙe ƙugu, na tambaye shi ina gabas. Ya nuna mani. Gabas tas take. Sai na yi mashi bayani, yadda nake wa 'yan aji, cewa ni ɗan manomi ne, kuma hadarin da bai taso daga gabas ba ba hadari ba ne, kumbura kawai yake ya watse. Ni da na sha koya wa yara cewa daga teku iskar damina ke tasowa, ga ni a bakin tekun ina duban gabas kamar ina tsakar gonarmu. Injiniya ya ce to Allah ya sa, ya ci gaba da ƙara igiyoyi yana ɗaure jirgin ta gaba da ta baya, yana rataya wasu robobi masu kama da matashin kai tsakaninshi da gadar.

Ban gama sallar la'asar ba ruwan ya sauko. Ba irin namu ba ne da ke zuwa da gurnani ya zuba ya wuce a fito ana shaƙar ƙamshin ƙasa. Wannan a kwance yake zuwa, iska na watsa shi, igiyoyin da ke jikin dogayen ƙarafan jirage duka suna bugawa suna ƙara kamar an tara maƙera. Muka gudu ciki.

Cikin jirgin ɗaki ne ɗan ƙarami da ake sauka ta matakala. Benci biyu masu katifa suna fuskantar juna, tebur a tsakani, murhun gas a gefe, sai wani ɗan akurki da aka ce shi ne bayi. Rufin ya yi ƙasa, duk miƙewar da na yi sai ya cire mani hula, har na haƙura na ajiye ta.

Injiniya ya ce tunda abin ya zama haka, bari ya kai mu gida mu kwanta a gado, shi ya dawo ya kula da jirgin, in sama ta washe ya ɗauko mu. Na so in amsa da sauri. Cikina ya riga ya fara wani irin juyi, yawu na taruwa a bakina. Amma na dubi Dakta, shi ma ya dube ni. A Kankiya kowa ya ɗauka duk mutumin kudu a cikin ruwa aka haife shi, ni ma haka na ɗauka, kuma ban ga yadda zan fara cewa a fitar da ni ba alhali shi yana zaune ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sai na ce ai mu ruwa muka zo gani, ga shi kuwa ya zo har inda muke. Dakta ya ce in Malam zai zauna shi ma yana nan. Injiniya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce to.

Kafin gari ya waye zaɓin ma ya fita daga hannunmu. Matar Injiniya ta kira ta ce ruwa ya shanye titin unguwarsu, mota ba ta shiga ba ta fita.

Abin da na fi jin kunyar faɗa shi ne, jirgin nan bai motsa daga inda yake ba. Yana ɗaure tamau, in na leƙa ta ƙaramar tagar ina ganin katakon gadar, in na miƙa hannu ma zan taɓa shi. Bayan gadar ga ɗakin masu gadi, ga wata mata mai gasa masara a ƙarƙashin rumfa. Amma jikina ya yanke hukuncin cewa muna tsakiyar teku. Jirgin ya yi sama kaɗan, ya karkata, igiya ta fizgo shi ya dawo ya daki robobin, cikina ya biyo baya a makare. Na yi amai har na rasa abin amayarwa. Injiniya ya ba ni bokiti, ya ce in riƙa kallon abu mai nisa da ba ya motsi. Ba abin da ake gani mai nisa, sai na kafa wa mai masara ido, har ta lura ta gyara zama ta ba ni baya.

Bayin ma ya ci mutuncina. Ba a zuba ruwa, wani hannu ake turawa sama da ƙasa, bayan an juya wani ɗan maɓalli. Injiniya ya nuna mani, na ce na gane tun bai gama ba, don ban saba a koya mani abu ba. Na shiga na juya maɓallin ta inda bai kamata ba, na yi ta famfo da ƙarfina, ruwa na ƙaruwa maimakon ya tafi, sai da ya taɓa mani ƙafar wando na kira shi. Ya zo ya gyara. Wannan yaro da na taɓa sa shi durƙuso saboda bai saurari bayani ba.

Salla kuwa, shi ya duba mani alƙibla da na'urar jirgin, ya matsar da tebur ya shimfiɗa mani darduma. Ya ce in yi a zaune, na ƙi, na ce ƙafafuna lafiya lau. Na yi kabbara, na kai ruku'u, jirgin ya karkata, na tafi da ka na daki ƙofar kabad ɗin kwanuka. Daga ranar a zaune na riƙa yi.

Ana cikin haka mutanen majalisa suka kira, an sa wayar a amsa-kuwwa kowa na ji. Suka tambayi yaya teku. Na ce muna cikin jirgi, iska na ta jijjiga mu, ko tsayuwa ba ta yiwuwa, a dai sa mu a addu'a. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Na ji ana salati, wani yana cewa shi da ma ya san Malam da ƙarfin hali. Na kashe waya ina jin ɗan sauƙi a cikina.

Da maiɗakina ta kira na maimaita mata jawabin nan kalma da kalma. Ta saurara har na gama.

"Malam, wannan hon ɗin mota da nake ji a bayanka fa? Can tsakiyar ruwan ma akwai su?"

Na ce mata ba mu tashi ba tukuna. Ta ce Alhamdu lillahi, ta tambaya ko na ba matar Injiniya saƙon. Na ce buhun na nan ƙarƙashin benci.

A rana ta biyu ko ta uku, don kwanakin sun cakuɗe mani, Injiniya ya sa rigar ruwa ya fita taimaka wa wani maƙwabcin jirgi da igiyarshi ta tsinke. Muka rage ni da Dakta, kowa kwance a bencinshi. Tun da muka shigo ban ga ya yi amai ba, amma kuma ban ga ya tashi ba, yana kwance idonshi a rufe, hannunshi riƙe da gefen katifa. Na ce mashi ku dai kun ji daɗi, kun saba da wannan tun kuna yara.

Ya buɗe ido ɗaya. "Mu wa? Malam, garinmu kan tudu yake. Rafinmu bai kai naku na Kusada ba. Ban taɓa shiga ko kwalekwale ba sai wannan karon."

Na tambaye shi to me ya hana shi cewa a kai mu gida tun ranar farko. Ya ce yana jiran ni in faɗa, tunda ni ne baƙo. Kuma tun a tasha yake shan ƙwayar hana amai a ɓoye, bai ba ni ba don ya ga na tsaya ina karanta sama kamar na haifi hadarin, ya ɗauka ba na bukata. Dalilin da ya sa ya ce ba ya shiga sai da ni ma, yana zaton zan ƙi zuwa ne, shi ke nan ya huta.

Na so in yi fushi, amma dariya ta riga shi fitowa. Muka yi ta yi, kowa riƙe da cikinshi, jirgi na wurgi da mu. Ya laluba jakarshi ya ba ni rabin ƙwaya. Zuwa azahar na ji duniya ta ɗan daidaita, kuma a karon farko na ji yunwa.

Abincin jirgin burodi ne da kifin gwangwani da taliyar leda. Dakta ya ce shi warin daddawa yake ji tun ranar da muka shigo, yana zaton ko ciwon ne ke sa shi mafarki ido biyu. Na jawo buhun na kwance. Ya ɗauki ƙullin daddawar ya kai hanci, ya daɗe bai sauke ba. Ya ce tun da ya baro Kankiya bai ci tuwon dawa ba. Surukarshi mutuniyar kirki ce, ta taɓa gwadawa daga abin da ta gani a waya, ya ci ya gode, amma bai sake roƙo ba.

Na ce ai sai mu yi. Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Ni da ko ruwan shayi ban taɓa ɗorawa ba, iyakar sanina da tuwo shi ne a kawo shi a rufe in buɗe. Dakta ma haka, matarshi ce ta koya a gidanmu, shi ci kawai ya iya. Na kira maiɗakina na ce ta faɗa mana yadda ake yi. Sai na ji ta kira ɗiyarmu ta zo ta saurara.

Murhun jirgin a rataye yake, yana lilo don tukunya ta zauna daidai in jirgi ya karkata. Tukunyar ta zauna daidai, mu ne ba mu zauna ba. Dakta ya tokare bayanshi da matakala ya riƙe tukunya da tsumma, ni na riƙe cokalin katako, don ba muciya, wayar na kan tebur tana zamewa daga wannan gefe zuwa wancan. Aka ce a bari ruwa ya tafasa, a dama gari kaɗan da ruwan sanyi a zuba a yi talge, a sa 'yar kanwa. Na tambaya kaɗan ɗin nawa ne. Ta ce kaɗan dai. Na zuba abin da nake ganin kaɗan ne, talgen ya fara tsalle yana fallatso mani a hannu. Da lokacin zuba gari ya yi, ta ce a riƙa barbaɗawa ana tuƙawa. Ina cikin barbaɗawa jirgin ya daki gada, rabin kwanon ya tafi cikin tukunya gaba ɗaya, sauran ya tafi gaban rigar Dakta.

Ban taɓa sanin tuƙin tuwo aikin ƙarfi ba ne. Na yi shekaru ina ganin ana yi a tsakar gida ana hira, har da goyo a baya. Ban yi nisa ba kafaɗata ta ƙage, muka yi musaya, shi ma ya tuƙa ya gaji ya dawo mani da cokalin. Ta waya ana tambaya ko ya yi laushi, muna cewa ya kusa. Gudaji ne a ciki manya-manya, in ka fasa ɗaya sai ka tarar da busasshen gari. Ɗiyata na dariya har tana tari.

Miyar ta fi sauƙi, ko kuma mun fi rashin sanin inda muka ɓata. Ba maburgi, sai muka kaɗa kukar da cokali mai yatsu. Muka juye kifin gwangwani a ciki, wanda maiɗakina ta ce ba ta taɓa jin an yi ba amma ba za ta hana mu ba. Da aka zo man shanu, Dakta ya karɓi kwalbar ya zuba da hannunshi, da yawa.

Injiniya ya dawo a jiƙe sharkaf, ya tsaya a matakala yana kallon gari a ƙasa, da miya a jikin rufi, da tsofaffi biyu da suka haɗa gumi. Ya ce tun daga gada ya jiyo ƙamshin gidan Malam. Muka zauna mu uku a kwano ɗaya, kowa ya sa hannu ɗaya ya riƙe kwanon don kada ya gudu. Gaskiya tuwon bai yi ba. Da a gida aka kawo mani shi da na yi magana. Dakta ya ci bai ɗago kai ba, yana ture gudajin gefe da yatsa, da ya cinye mai kyan sai ya dawo kan gudajin ya cinye su su ma.

Bayan nan ne ya fara tambaya. Ya bi layinmu gida-gida, daga bakin titi har masallaci, yana tambayar kowa. Wane yana nan? Wance ta aurar da autarta? Mai faci fa, ƙafar ta warke? Na riƙa ba shi amsa, wasu suna nan, wasu sun koma Katsina wajen 'ya'yansu, da yawa kuma sun rasu. Duk wanda na ce ya rasu sai ya faɗi irin maganin da mutumin ke saye, kamar da haka yake gane shi. Ya ce a gidan ɗanshi ba abin da ya rasa, amma yakan wuni bai yi magana da kowa ba, sai ya zauna a baranda ya riƙa yi wa kanshi Hausa don kada ta gudu. Wani lokaci yakan taka har inda masu sayar da albasa suke, ya yi ciniki ba don yana so ba. Injiniya na zaune a matakala yana jin wannan, ina ganin bai taɓa ji ba.

Sauran kwanakin iskar haka muka yi su. Ruwa na dukan rufi, mu muna kwance muna gardama a kan shekarar da aka yi kwalta a hanyar Kusada da wanda ya fara kawo injin niƙa zuwa garin Yashe. Ba wanda ya ci, ba wanda ya sallama. Muka sake tuƙa tuwo, ya fi na farko kaɗan. Na daina tambayar yaushe za mu tashi.

Da sama ta washe, hutun Injiniya ya kusa ƙarewa, tafiyar yamma ta fasu. Ya ce amma ba zai bari mu koma haka ba, gobe da safe zai fita da mu ko bakin teku ne mu gani mu dawo. Na tuna abin da na sha a ɗaure, na auna yadda zai kasance a sake, sai na ce wa Dakta ya ba ni ƙwayar nan cikakkiya, ba rabi ba. Ya ce tana sa barci. Na ce ni barcin rana bai taɓa ɗaukata ba. Na karɓa, da ya juya baya na ƙara rabin da ya rage a takardar.

Na tuna an kwance igiyoyi. Na tuna injin ya tashi, gadar ta fara ja da baya, mai masara ta ɗago kai ta dube mu. Na ce bari in sauka ciki in ɗauko hulata saboda hoto. Na zauna a benci don in laluba ta.

Da na farka jirgin na ɗaure a inda yake, rana ta karkata. Dakta na zaune a kaina, fuskarshi ta yi ja da iska, yana magana da sauri kamar yaro. Wai sun fita har inda ruwan ya canza launi, an kashe inji an ɗaga ƙyalle, jirgin ya kwanta gefe ɗaya ya tafi ba ƙara ko kaɗan sai shuuu. Wai ɗanshi ya ba shi sitiyari ya riƙe da hannunshi. Sun tashe ni, sun girgiza ni, har ruwa sun shafa mani, na buɗe ido na ce a rufe ƙofa kada awaki su shigo, na koma barci. Akwai hoto. Dakta ne a tsaye, teku a bayanshi, sai tafin ƙafata da ke leƙowa daga ƙasan matakala.

Dakta ya raka ni tasha da kanshi. Injiniya ya ce in an yi girbi zai kawo shi Kankiya ya yi mako biyu ko fiye, kuma ya cika, don Dakta ya zo ya sauka a ɗakin zaurena, ya ci tuwon da ba gudaji. Shi ya nuna wa majalisa hoton, ni da na yi niyyar in bar maganar yadda suka fahimce ta.

Amma kafin zuwan nashi jikina ya riga ya fara ba da labari. Jirgin da na kasa sabawa da shi ina ciki, sai da na sauka ya bi ni. Kwanaki bayan na dawo ƙasa ba ta daina lilo a ƙarƙashina ba. Ranar Juma'a ina tsaye a sahu, liman na karatu, na ji masallacin ya karkata hagu, na bi shi, ya dawo dama, na biyo shi. Tsohon da ke gefena, wani mai sayar da goro da ba ya ji sosai, ya sa hannu ya kama gefen rigata, bai saki ba har aka yi ruku'u. Da aka sallame ya matso kusa da kunnena ya ce in riƙa karyawa kafin in fito, shekaru sun ja.